Ciwon Ciki Na Farat Ɗaya Ga Yara, Da Na'urar Da Ke Ganin Ciki

Jama'a, babu gidan da yaro bai taɓa kukan ciwon ciki ba. Yawancinsa ba abin tsoro ba ne. Wani ɗanyen mangwaro ya ci, wani gyaɗa ya cika wa cikinsa, wani kuwa bayan gida ne ya ƙi fita. Irin wannan ya kan lafa kafin gari ya waye.

Amma akwai wani iri dabam, wanda ba a cika ganinsa ba. Shi ba ya jin jiƙo, ba ya jin ƙwayar kemis, ba ya kuwa jiran ranar kasuwa. Ya kan faɗa wa lafiyayyen yaro farat ɗaya, in ba a yi hanzari ba ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Haɗarinsa shi ne a ɓoye ya ke. Daga waje babu rauni, babu ƙurji, wani lokaci ma ko zazzaɓi babu. Ɓarnar tana can ciki, inda idon uwa ba ya kaiwa.

To, yanzu akwai na'urar da ke kai ido wurin. Wannan takarda za ta bayyana muku yadda ta ke aiki, da irin cututtukan da ta ke tonowa, da alamun da za ku gani ku san lokacin tashi ya yi. A karanta ta a zaure, a shiga cikin gida a karanta wa mata, domin su ne ke fara gani.

MECE CE WANNAN NA'URA?

Sunanta a bakin mutane sikanin, waɗansu su ce hoton ciki. Da yawa daga cikinku sun san ta wajen awon masu juna biyu. Amma aikinta bai tsaya nan ba. Tana duba cikin namiji da mace, babba da jariri.

Da sauti ta ke aiki. Kowa ya san in ya leƙa rijiya ya yi kira, muryarsa ta kan dawo masa. Kowace mace kuma ta san ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa don ta ji ko da tsaga. Jemage ma da haka ya ke tafiya cikin duhu bai yi karo da bango ba: ya yi tsuwa, ya saurari dawowarta. Haka na'urar nan ta ke. Tana aika wani siririn sauti cikin jiki, ya bugi hanta ko hanji ko ƙoda ya dawo, ita kuwa ta mai da shi hoto a kan allo irin na talabijin. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 cikin daƙiƙa guda. Nata kuwa miliyoyi ya ke yi, shi ya sa ba a jin kome. Wani likita mai suna Ian Donald, a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, yana cikin waɗanda suka fara duba cikin majiyyata da ita, ya kuwa bayyana wa duniya aikinsa a shekarar 1958.

Ga yadda a ke yi. A kwantar da yaro rigingine, a shafa masa wani mai mai sanyi da santsi a ciki, sa'an nan a riƙa goga wani ɗan abu kamar guntun sabulu a kan fatar, ana ɗan dannawa. Babu allura, babu yanka, babu ƙuna. Ba irin hoton ƙashi ba ne, watau eksire, don haka ko an maimaita sau da yawa ba ya cutarwa. Galibi ba ya wuce rabin awa, uwa kuma tana iya tsayawa ta riƙe hannun ɗanta.

HANJI YA SHIGE CIKIN HANJI

Wannan shi ne babban abin da mu ke so ku sani. Ku dubi hannun riga in an tuɓe ta da gaggawa, yadda bakinsa ya kan koma ya shige cikin sauran. Haka wani sashi na hanji ya kan zame ya shige cikin na gabansa. Ya fi faruwa a gefen dama, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba.

Ya fi kama yara daga wata 3 zuwa shekara 3, musamman waɗanda ba su cika shekara ba, kuma maza sun fi mata. Sau da yawa ya kan biyo bayan mura ko zawo, domin kaluluwar jikin hanji ta kan kumbura, hanji ya ja ta gaba kamar loma. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba kuwa laifin nonon uwa ba ne. Ɓul-ɓul ɗin yaro mai ƙoshin lafiya ma yana kamuwa.

Ga yadda ya ke zuwa. Yaro yana wasa ko yana barci, sai ya ƙwalla ƙara, ya naɗe ƙafafu zuwa ƙirji, ya yi ta murƙususu. Jim kaɗan ya yi shiru. Bayan minti 15 ko 20 abin ya sake tasowa. Tsakanin tashi da tashi ya kan yi laushi, ya yi ta gyangyaɗi, ya ƙi mama. To, nan ne a ke ruɗuwa. Uwa ta ga ya yi shiru, ta ce Alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Ba sauƙi ba ne, gajiya ce.

Daga nan sai amai. Da fari abin da ya sha ne, daga baya ya koma kore. Can gaba sai ya yi kashin majina gauraye da jini, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ja kamar zoɓo. Da an ga wannan sai a ce atini ne, ko ɗankanoma, ko haƙori ya ke yi, a yi ta ba shi magani a gida har kwana 3 ko 4. Ku sani fa, jinin nan ba farkon ciwo ba ne. Alama ce hanji ya fara jigata. Kada ku jira sai kun gan shi.

Dalilin gaggawa shi ne wannan. Hanji da jini ya ke rayuwa, kamar yadda shukar lambu ke rayuwa da ruwa. In aka toshe hanyar ruwa, shuka ta kan yi yaushi, sa'an nan ta bushe. In an buɗe tana yaushi, ta farfaɗo. In ta bushe kuwa, sai tugewa. Hanjin da ya shige cikin ɗan'uwansa a shaƙe ya ke, jijiyoyinsa a matse. In ya daɗe a haka sai ya mutu, ya ruɓe, ya huje, ƙazanta ta malala cikin ciki.

A kan allon sikanin wannan ciwo ba ya ɓuya. Likita ya kan ga zobba cikin zobba, kamar faifai, ko kamar albasar da aka yanka a tsakiya. Da ganin haka ya san abin da ke nan. Na'urar kuma tana iya nuna masa ko jini yana gudana a wurin ko ya tsaya.

In an zo da wuri, sau da yawa ba a bukatar yanka. Sai a sa siririyar roba ta dubura, a ɗura ruwan gishiri na asibiti a hankali, ko iska, likita yana kallon allo har ya ga hanjin ya koma mazauninsa. Dabarar tura hanji da ruwa tsohuwa ce, wani likitan yara na ƙasar Danmak mai suna Hirschsprung ya yi bayaninta tun shekarar 1876. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne ana yi ana gani. Cikin yara 10 da aka kawo da wuri, kamar 8 su kan warke ta haka, su koma shan mama ba da jimawa ba. Amma in ya kwana biyu ko fiye, sau da yawa sai an yi aiki, wani lokaci har a yanke ruɓaɓɓen hanji a zubar. Ga wahala, ga kuɗi, ga haɗarin rai.

Kada wani ya ji wannan ya ce bari ya gwada ɗura a gida. Likita ba ya yi sai ya tabbata hanjin bai huje ba, kuma da ɗakin tiyata a shirye kusa da shi. Bayan an sallame ku, ku ci gaba da lura, domin kamar 1 cikin 10 ciwon ya kan dawo. In ya dawo, ku koma nan take.

WAƊANSU ƁOYAYYUN CUTUTTUKA

Murɗewar hanji. Akwai jariran da a ke haifa hanjinsu bai zauna daidai ba. Rana ɗaya sai ya murɗe gaba ɗaya, kamar yadda a ke murɗa zane a matse shi wajen wanki. Ya fi faruwa cikin watan farko na haihuwa. Alamarsa amai kore, launin miyar kuka. Ku bambanta shi da tumbuɗi, wanda ya ke fari kamar kindirmo. Tumbuɗi ba kome ba ne. Amai kore ga jariri kuwa, ko sau ɗaya ne, ko ba a yi suna ba, asibiti a wannan sa'a. A allo likita ya kan ga jijiyoyin jini sun nannaɗe kamar guguwa. Wannan cikin 'yan awoyi ya ke kashe hanji, maganinsa aiki ne.

Macijin ciki. Wannan tsutsa tana kai tsawon sentimita 35, watau fiye da taƙi guda. In sun yi yawa su kan dunƙule kamar zare su toshe hanji, ko ɗaya ta kutsa cikin hanyar maɗaciya. Sikanin yana nuna su dogaye dogaye, wani lokaci har ana ganin motsinsu. In ciki ya riga ya toshe, kada ku ba da maganin tsutsa da kanku, ku bar wa likita.

Murɗewar ƙwan mace. Yarinya tana da ma'ajin ƙwai biyu a mara, dama da hagun. Ɗaya ya kan murɗe, sai ciwo mai tsanani ya soke ta a gefe guda, da amai. Yana samun wadda ta fara al'ada da wadda ba ta fara ba. Iyaye, in likita ya ce a yi wa 'yarku sikanin, kada ku ɗauka zarginta a ke yi da wani abu. Ƙwan a ke so a ceto, don haihuwarta ta gaba.

Murɗewar maraina. Yaro namiji, musamman daga shekara 12 zuwa 18, ya kan ce mararsa ke ciwo, alhali ɗan marainansa ne ya murɗe, kunya ta hana shi faɗi. Uba ko wa ya ja shi gefe ya tambaya, ya duba. In gefe guda ya kumbura, ko ya ɗage sama, ko ba ya taɓuwa, to, awa 6 na farko su ne na ceto. Haka kuma ƙabar da ta fito a matsematsi ta yi tauri, ta ƙi komawa, tana ciwo.

Masu sikila. Ba kowane ciwon cikin mai sikila ne tashin ciwonsa na kullum ba. Tsakuwa ta kan fito musu a maɗaciya tun suna yara. Ƙanana kuma saifarsu ta kan kumbura farat ɗaya ta tare jini, yaro ya yi fari fat, ya yi laushi. Wannan ƙarin jini ya ke bukata da gaggawa.

Faɗuwa. Yaro ya faɗo daga bisa itace ko jaki, ko kan keke ya bugi cikinsa, ya tashi ya karkaɗe jiki. Bayan 'yan awoyi ciki ya ɗau ciwo, jiri ya kama shi, tafin hannu ya yi fari. Mai yiwuwa saifa ce ta tsage tana zubar da jini a ciki, saifar da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura kuwa ta fi saurin tsagewa. Cikin 'yan mintoci na'urar ke nuna jinin da ya taru.

Akwai kuma biyu waɗanda ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Na ɗaya afendis, wanda ciwonsa kan fara a cibiya ya gangara gefen dama. Na biyu hujewar hanji ta taifot, wadda ta kan zo bayan mako 2 ko 3 ana zazzaɓi, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar allo.

NA'URA BA LIKITA BA CE

Ku gane wannan da kyau. Sautin ba ya ratsa ƙashi, ba ya kuma ratsa iska sosai, saboda haka in ciki ya cika da iska wani abu ya kan ɓuya. Sa'an nan kyawun hoto yana ga gwanintar mai dubawa, kamar yadda kyawun ɗinki ke ga tela ba ga keke ba. Don haka kada ku tsaya a shagon sikanin na bakin titi, a ba ku takarda ku koma gida. Ku nufi asibiti, likita ya tambaya, ya taɓa, ya duba, shi zai ce a yi hoto. In hoto ya ce babu kome amma yaro bai daina ciwo ba, ku koma a sake dubawa. In kuwa likita ya ce babu lokacin jiran hoto, aiki za a shiga, ku yarda da shi.

ALAMU BAKWAI NA TASHI

1. Kuka mai tsanani na farat ɗaya, yana zuwa yana tafiya, yaro yana naɗe ƙafa.
2. Amai kore.
3. Jini cikin kashi.
4. Ciki ya kumbura, ko ya yi tauri, ko yaro ba ya yarda a taɓa.
5. Ba kashi, ba tusa, ga amai.
6. Yaro ya yi laushi, ya yi fari, ko ya yi ta barcin da ba a saba ba.
7. Kumburi mai ciwo a matsematsi ko maraina, ko wani dunƙule da a ke ji a ciki.

Ko ɗaya kuka gani ya isa. Ba sai sun taru ba.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku tashi nan da nan, dare ko rana. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.
2. Ku je asibiti mafi kusa. In ba su da na'ura ko likitan tiyata, ku karɓi takarda ku wuce gaba a ranar. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, suna da likitocin tiyatar yara.
3. Ku riƙe lokacin da ciwon ya fara, ko da asuba ne, ko bayan azahar.
4. Ku tafi da tsumman da ya yi kashi ko amai a kai, da duk maganin da aka ba shi. Ku faɗi gaskiya, ba faɗa za a yi muku ba.
5. Uwar yaro ta je da kanta, ita ta ga farkon abin. A tafi kuma da baligi lafiyayye wanda zai iya ba da jini.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

1. Kada ku ba da dauri, ko jiƙo, ko kanwa, ko maganin wankin ciki. Tura kaya ne a hanyar da ta toshe.
2. Kada ku yi masa ɗura, ta baki ko ta dubura.
3. Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya, kada kuma a mulmula cikin da ƙarfi.
4. In yana amai kore ko ciki ya kumbura, kada a ba shi abinci ko abin sha sai likita ya gan shi. A asibiti za a yi masa ƙarin ruwa.

Wannan bai soke abin da kuka sani game da zawo ba. Yaron da ke gudawa ruwa-ruwa, cikinsa da taushi, babu ɗaya daga cikin alamun nan, a ci gaba da ba shi mama da ruwan gishiri da sukari, a kai shi a duba.

GARE KA, MAIGIDA

Sau da yawa ba nisan hanya ke kashe yaro ba, jiran izini ne. Kana gona, ko ka tafi cin rani, yaro yana murƙususu, mata suna zaune suna jiran dawowarka. Tun yau ka ce wa iyalinka, "In kun ga ɗaya daga cikin alamun nan, na yarda ku tafi, ku kira ni a hanya." Ka bar ɗan abin mota a hannun uwargida. Ka san mai babur ko mai mota da za a tasa da dare, ka ajiye lambarsa. Idan an ce a sa hannu a yi aiki, kada ka ce sai ka koma gida shawara. Kuɗin mota da na hoto a rana ta fari ba su kai kuɗin tiyata da jinya a rana ta huɗu ba.

Ke kuma uwa, ke kika san kukan ɗanki. Kin san na yunwa, kin san na rigima. In kika ji wanda ba ki taɓa ji ba, ki faɗa da ƙarfi, kada kawaici ya rufe miki baki, ko da ɗan fari ne. Iya, kakar yara, maganarki a ke ji a gida. In kin ce a tafi, ba mai musu. A yi addu'a, a tafi ana yi. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani.

RIGAKAFI

Shigewar hanji da murɗewarsa ba su da rigakafi sai saurin zuwa asibiti. Amma tsutsa da taifot da ƙazanta su ke shiga. Ku gina masai ku rufe bakinsa. Ku wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin cin abinci. Ku tafasa ruwan sha in ba ku amince da shi ba. Ku karɓi maganin tsutsa in ma'aikatan lafiya sun kawo, ku kai yara rigakafi a kan lokaci. Masu niyyar aure kuma su yi gwajin jini saboda sikila.

Mai unguwa da liman da malamin makaranta, ku taimaka a yaɗa wannan magana. Wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa: amai kore, kashin jini, kukan da ke zuwa yana tafiya, ba a kwana da su a gida. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.